Maganin kaska na feshi: yadda yake aiki da dalilin da ya sa yake ƙin ci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi wa masu kiwo na birnin Kano da kewaye bayani a kan maganin kaska na feshi. Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi ne, kuma da zarar ruwan farko ya sauka, kuka ɗaya ne a bakin mai turken shanu da mai ragunan layya da mai kare a gida: an fesa, kaska ba ta mutu ba, maganin yanzu duk jabu ne. Jabu akwai shi a kasuwa, ba mu musa ba. Amma akasarin feshin da ke tashi a banza ba laifin kwalba ba ne. Ko dai an sayi maganin da ba na wannan aikin ba, ko an haɗa shi da ka, ko kuma ruwan bai kai ga kaskar ba sam. Maganin feshi ba ya ci sai inda ya taɓa, kuma sai da ƙarfin da aka tsara masa.

Abu biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai mai kora, wanda mutum ke fesa wa fatarsa ko tufafinsa don kada kaska ta hau shi. Akwai kuma mai kashewa, wanda ake fesa wa dabba ko makwancinta. Hanyar aikinsu ba ɗaya ba ce, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Ƙafa takwas gare ta idan ta girma, domin dangin gizo-gizo da kunama ce, ba dangin sauro ba. A ƙarshen ƙafafunta biyu na gaba akwai wani ɗan rami mai siraran gasu, masana na kiransa gaɓar Haller. Da shi take shaƙar iskar da dabba ke fitarwa in ta yi numfashi, da warin fitsari da na zufa, da shi kuma take jin ɗumin jiki da laima. Shi ya sa za ka ga ta hau kan ciyawa ta ɗaga ƙafafun gaba tana lilo da su. Wani nau'in ma, mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe wanda ya fi son busassun wurare irin namu, ba ya jira, biyo dabba yake yi da gudu a ƙasa.

Wannan gaɓar ce mai kora yake rikitawa. Sunayen da za a nema a jikin gwangwani su ne DEET, ko Picaridin wanda wasu kamfanoni ke rubutawa Icaridin, ko IR3535. DEET ne dattijonsu: ma'aikatar gona ta Amurka ce ta samar da shi saboda sojoji, suka fara amfani da shi a 1946, aka fara sayar wa jama'a a 1957. Idan aka fesa shi, a hankali yake tashi daga fata, ya yi ɗan siririn tururi a kanta. Kaskar da ta iso wurin sai ƙamshin jiki da ɗuminsa su ɓace mata, in ta taka wurin kuma ta ji abin da ba ta so, ta juya ko ta saki ta faɗi. Ba mutuwa take yi ba. Kuma tun da rarrafe take yi, duk inda feshin ya tsallake hanya ce a gare ta: za ta bi ta gefen da babu magani har ta shige ƙarƙashin wando. Saboda haka ba turare ba ne da za a ɗan fesa nan da can. A fesa a idon sawu da ƙwauri da hannu, a murza da tafi har ya game ko'ina. Na fuska a tafin hannu ake fesawa sannan a shafa, ban da ido da baki da inda ke da rauni.

Lambar da ke jikin gwangwanin tana faɗin tsawon lokacin da zai ɗauka ne, ba zafinsa ba. Don kaska, a nemi mai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Wanda ya haura kashi 50 ba ya ƙara wani abin a zo a gani. Zufa tana wanke shi, zafi yana gaggauta tashinsa, don haka ɗan kamasho da zai wuni a karar shanu ta Wudil ko ta Dambatta cikin zafin bazara sai ya sake fesawa, kada ya dogara da ta safe. DEET yana cin roba: gilashin agogo, sandar tabarau, murfin waya, da wasu yadudduka na roba. Picaridin ba ya yin haka, warinsa ma da sauƙi. Ba a sa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, yaro kuma babba ne zai shafa masa, ban da tafin hannunsa tun da baki zai kai.

Ga mai yankan ciyawa da mahauci da makiyayi da ma'aikacin gona, mu a ganinmu abin da ya fi amfani shi ne feshin tufafi na Permethrin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari. Shi ba a fata ake sa shi ba, fatar mutum tana narkar da shi da wuri. A zaren yadi yake kamawa. A rataye wando da riga da safa a waje inda iska ke kaɗawa, a fesa gaba da baya har su yi danshi ba tare da sun ɗiga ba, a ƙara a bakin ƙafar wando da ƙugu da wuyan riga, a bar su a inuwa aƙalla sa'a 2 su bushe sarai kafin a saka. Feshi ɗaya yakan kai mako 6 ko wanki 6. Kaskar da ta hau irin wannan yadi ƙafafunta ne ke fara rikicewa, ta kasa riƙo, ta faɗi, da yawa su mutu daga baya. A tura ƙafar wando cikin safa, in ba haka ba ta bi ta ƙasa ta samu fata.

To, sai masu kashewa, inda nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Sunayen kasuwa sun fi a ƙirga, amma gidaje uku ne ke riƙe da kusan duk abin da ake fesa wa dabba a Kano. Ba sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe za a duba ba. A duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa, inda aka faɗi sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa.

Gida na farko shi ne duk wanda sunansa ya ƙare da thrin: Cypermethrin, Deltamethrin, Flumethrin, da Permethrin ɗin da muka ambata. An kwaikwayo su ne daga gubar wani fure da ake nomawa a Kenya, aka haɗa na zamani a Ingila a farkon shekarun 1970, kuma su ne a jikin gidan sauro mai magani. Jijiyar kaska tana aika saƙo ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, su rufe nan take. Maganin yana ratsa ɓawon kaskar ya riƙe ƙofofin a buɗe, kamar makunnin ƙararrawa da ya maƙale: saƙo ya yi ta tafiya babu tsayawa, kaska ta yi ta karkarwa har jikinta ya shanye. Suna ɗan daɗewa a gashi, suna kuma rage ƙuda.

Gida na biyu Amitraz ne, shi kaɗai a ɗakinsa. Yana kwaikwayon wani sinadarin jijiya da ke jikin kaska mai suna oktofamin, sai ya zaburar da ita ta zare bakinta daga fata ta saki. Cikin sa'o'i kaɗan za a ga suna zubowa, waɗanda suka rayu ma ƙwansu ba ya yin kirki. Aibinsa shi ne ba ya daɗewa, kwanaki kaɗan ƙarfinsa ya tafi.

Gida na uku dangin fiya-fiya ne: Diazinon, Chlorpyrifos, Chlorfenvinphos, da Dichlorvos wanda ke cikin Sniper. A mahaɗar jijiya da tsoka akwai wani sinadari mai share saƙo bayan an isar da shi. Su wannan mai sharar suke kashewa, saƙo ya taru, tsoka ta ɗaure. Abin tsoron shi ne mutum da saniya da kaza duk da irin wannan mai sharar suke rayuwa, shi ya sa wannan gida ya fi kowanne kai mutane asibiti. Dichlorvos na gona da na rumbu ba na jikin dabba ba ne ko kaɗan, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni. Gamalin kuwa, wanda har yanzu wasu dattawa ke tambaya, sinadarinsa Lindane ne, yana taruwa a kitse da nono, an sa shi cikin jerin gubar da duniya ta amince a daina tun 2009.

Ga karnuka akwai Fipronil mai kashi 0.25 cikin ɗari, ana fesa mil 3 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin kare. Yana shiga maiƙon fata ya zauna, don haka ba a yi wa kare wanka kwana 2 kafin feshi da kwana 2 bayansa. Ba na dabbar yanka ba ne, yana kuma kashe zomo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato awo. Yawancin kwalaben nan za a ga an rubuta EC bayan lambar ƙarfi. Ma'anarsa maganin a narke yake cikin wani mai, tare da sinadarin da ke sa mai ya gauraya da ruwa. Lafiyayye in an zuba shi a ruwa nan take yake yin fari fat, ya game. In aka ga mai yana yawo a sama, ko gudaji sun kwanta a ƙasa, to rana ta dafa shi a kan tebur ko wa'adinsa ya wuce, kada a yi asarar ruwa. Amitraz mai kashi 12.5 cikin ɗari, awonsa na kaskar shanu mil 2 ne a kowace lita ta ruwa. Ke nan famfon goyo mai lita 16 zai sha mil 32, mai lita 20 mil 40, jarka mai lita 25 mil 50. Cypermethrin mai kashi 10 cikin ɗari akasari mil 1 ne a lita, amma akwai mai kashi 5, wanda zai buƙaci ninki, don haka takardar kwalbar da ke hannunka ita ce alƙali. Awon tumaki da awaki ma yakan bambanta da na shanu a wasu kwalaben. Murfi ba ma'auni ba ne, domin kowace kwalba da girman murfinta. Sirinji mai mil 10 ko 20 na kemis ya wadatar, a ware shi don wannan aiki kaɗai, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. A fara dama maganin a lita guda cikin bokiti, a zuba a famfon da ke da rabin ruwa, a cika, a girgiza.

In an rage awo, raunanan kaska ne ke mutuwa, masu tauri su rayu su hayayyafa. In an ƙara, fatar dabba ta ƙone, ko ta bugu tana tangaɗi da dalala. Haɗa kwalba biyu a famfo ɗaya don a ƙara zafi, ko zuba kananzir da baƙin mai a ciki, duk ba ya ƙara komai sai ɓarna.

Ruwan ma da nasa. Ruwan kududdufi mai laka yana kame dangin thrin a jikin ƙwayoyin ƙasa, ya rage abin da zai kai ga kaska, ya kuma toshe bakin famfo. Ruwa mai kanwa-kanwa yana lalata su da dangin fiya-fiya, Amitraz kuwa ruwa mai tsami ne ke karya shi. A samu ruwa garai, na famfo ko na burtsatse, a tace. Abin da aka haɗa a ranar ake ƙarar da shi. Wanda ya kwana a famfo ba a dogara da shi.

Bayan awo sai yawa. Babbar saniya tana buƙatar kamar lita 5 kafin ta jiƙe har fata, babban rago kamar lita 1. Famfo mai lita 16 ke nan shanu 3 ne, mai lita 20 shanu 4, kwalbar Amitraz mai mil 100 kuma shanu 10. Amma sai ka ga an bi garke guda da famfo ɗaya, an ɗan yayyafa a gadon baya an ce an yi feshi. Kaska kuwa ba a gadon baya take ba. Babbar nan mai zane, wadda namijinta ke da ado mai ruwan lemo a baya, a hammata take zama da hantsa da maraina da matsematsi da fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya. Mai ƙafa zobe-zobe tana ƙarƙashin wutsiya da tukkunta da tsakanin kofato. Wasu kuma cikin kunne. A ɗaure dabbar da kyau, a fara daga ƙasa da baya: ƙafafu da tsakanin kofato, cikin cinya, hantsa, ciki, ƙarƙashin wutsiya, sannan haƙarƙari, baya, tozo, wuya, a ƙare da kai da kunne. A riƙa fesawa ta inda zai ɗaga gashi, ba ta inda gashin ya kwanta ba, bakin famfo kusa da jiki, da feshi mai ɗan kauri, domin mai laushi kamar hazo iska ce ke kwashe shi zuwa hancin mai feshi. Cikin kunne da tukkun wutsiya a bi su da tsumma da safar hannu ta roba.

Wani bincike da aka yi a cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso ya nuna cewa kaska mai zane tsakanin kofato take fara kamawa a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da dabarar ɗan kwarmin siminti mai ruwan magani a ƙofar garke, shanu su taka in sun dawo da yamma. Masu kiwon madara na bayan gari da ke da turke na dindindin, wannan ya fi musu arha a farkon damina.

A yi feshi da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba. A shayar da dabbobi tukuna, domin mai ƙishirwa lasar jikinta za ta yi. In hadari ya haɗo a dakata, ruwan da ya sauka kafin gashi ya bushe ya wanke aikin. Dabbar da ta galabaita da tafiya, ko mara lafiya, ko ɗan maraƙi sabon haihuwa, a bar su sai likita ya duba. Wanda ba shi da famfo ko mai taya shi riƙo zai iya amfani da na zubawa a baya, irin Flumethrin mai kashi 1 cikin ɗari: mil 1 a kowane kilo 10, wato sa mai kilo 300 mil 30, a zuba daga tozo zuwa gindin wutsiya. Ba a ƙara masa ruwa, maiƙon fata ne ke yaɗa shi.

Wani abin da ke sa a ce magani bai ci ba shi ne ganin sabuwar kaska bayan mako guda. Ai wadda ke jikin dabba kaɗan ce a kan wadda ke ƙasa. Macen kaska mai zane in ta ƙoshi ta faɗi, tana iya zuba ƙwai fiye da 10,000, kuma sau uku take hawa dabba a rayuwarta, tana sauka ƙasa ta yi saɓa a tsakani. Manyanta da farkon damina suke fitowa, a lokacin feshi duk mako ne. Shuɗiyar kaska mai taushi kuwa a kan dabba ɗaya take yin kusan mako 3 daga ƙuruciya har ta ƙoshi, don haka feshi duk mako 2 zuwa 3 yana yanke mata hanya. Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin tabarma da bayan ƙofa take ƙwai, tana kuma jure watanni ba ta ci ba. Wanda ya wanke kare ya bar ɗakinsa ya yi aikin baban giwa: a share, a fesa bango har sama da duk wata tsaga, a maimaita bayan mako 2, a liƙe tsagogin da siminti. Kaskar kaji ma haka, da rana tana ɓoye a tsagar akurki, da dare take fitowa shan jini, don haka akurkin ake fesawa bayan an fitar da kajin da abincinsu da ruwansu. Dabbar da aka sayo daga kara kuma a fesa ta, a ware ta kwanaki kafin ta shiga cikin sauran.

Akwai kuma inda kaskar ce da kanta ta gagari maganin. Idan aka shekara ana fesa gida ɗaya, musamman da ragaggen awo, waɗanda ƙofofin jijiyarsu suka ɗan bambanta ko jikinsu ke saurin narkar da guba su ne ke saura, 'ya'yansu su gaje su. Wani nau'in shuɗiyar kaska da ya yi suna wajen wannan tauri an fara ganinsa a Afirka ta Yamma a 2007 a ƙasar Kwaddibuwa, ya bazu har ya shigo Nijeriya. Alamar ita ce an auna daidai, an jiƙa daidai, amma bayan kwana 2 ko 3 ƙosassun kaska na nan daram. A nan sauya gida ake yi, ba sauya kwalba ba. Wanda ya bar Cypermethrin ya koma Deltamethrin bai je ko'ina ba, ƙofa ɗaya suke bugawa. Daga thrin sai Amitraz, a zauna a kansa damina guda. A lura kuma da kwalaben da suka haɗa Cypermethrin da Chlorpyrifos a ciki, su gida biyu ne a lokaci ɗaya. Allurar Ivermectin tana kashe kaskar da ta sha jini, amma ba ta hana hawa, kuma tana daɗewa a nama da nono.

Ba kuma muna cewa a yi ta feshi sai an ga babu ko ɗaya ba. Shanunmu na gida, Bunaji da Rahaji da Bokolo, suna da juriya, kuma ɗan cizon da maraƙi ke samu yana ƙarami shi ke ba shi kariya daga fitsarin jini da ciwon da ke sa shawara da ƙarancin jini. Masu jinin Turai na madara su ne ba su da wannan gata, su kam sai tsari mai tsauri. Wadda ba a yi wa sassauci ita ce mai zane. Dogon bakinta yana lalata kan nono, yana buɗe ƙofa ga tsutsa, ita ke ɗauke da ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya har tunkiya ta riƙa zagaye tana faɗuwa, kuma inda ta yi yawa a nan kirci ke ta'azzara. Majema da kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa sun san abin da tabon kaska da kirci ke rage wa fata na daraja.

Masu barga, don Allah a ji wannan: Amitraz ba ya taɓa doki ko jaki. Yana tsayar da motsin hanjinsu, kashi ya ƙi fita, ciki ya kumbura, doki ya mutu. A garin da ake tanadin dawaki saboda hawan Sallah da hawan Daushe, famfon da aka yi wa shanu feshi da shi ma kada ya shiga barga sai an wanke shi sosai. Kyanwa kuma Permethrin ne ajalinta, hantarta ba ta iya narkar da shi, ko kwanciya ta yi a kan jiƙaƙƙen yadi ko ta goga jikin karen da aka sa wa tana iya kama karkarwa. Dangin thrin suna kashe kifi da ƙudan zuma da ɗan kaɗan, saboda haka mai tafkin kifi a gida ya nisanta. Maganin gona, ko da sunan sinadarin ɗaya ne, man da aka narka shi a ciki ba don fatar dabba aka yi shi ba. Masu ragunan layya kuma su duba kwanakin da takarda ta ce a jira tsakanin feshi da yanka, masu tatsa su duba na nono, domin kowane magani da nasa. Fesa rago ana jibi Sallah don ya yi kyan gani a kasuwa zalunci ne ga mai saye.

Mai feshi ya sa doguwar riga, takalmin roba, safar hannu ta roba da takunkumi, ya juya wa iska baya. Ba a cin goro ko shan taba a tsakiyar aiki, ba a busa bakin famfo da baki in ya toshe. Dangin thrin suna sa fuska ƙaiƙayi da zafi, yakan wuce cikin yini. Dangin fiya-fiya suna kawo yawu da zufa da hawaye da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Amitraz yana kawo barci mai nauyi, bugun zuciya ya ragu, jiki ya yi sanyi. A cire tufafin, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a nufi asibiti da kwalbar a hannu, domin alamomin kan yi kama da juna alhali allurar da ke karya ɗaya ba ita ke karya ɗayan ba. Wanda ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara: maiƙo yana taimaka wa gubar shiga jiki, amai kuma yana kai man maganin cikin huhu.

Kaskar da ta riga ta kama mutum ba a fesa mata komai, ba a ɗiga mata kananzir, ba a ƙona ta da ashana. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a fasa ta da farce. Mai ƙafa zobe-zobe tana iya ɗaukar zazzaɓin nan mai sa zubar jini da ake kira na Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kwantar, kuma mahauta da masu fiɗa na cikin waɗanda suka fi fuskantarsa. Zazzaɓi bayan cizon kaska, a gaya wa likita an yi cizon, kada a tsaya kan maganin maleriya.

Muna da roƙo ga NAFDAC da hukumomin kula da lafiyar dabbobi na jiha. Yawancin takardun kwalaben nan da Turanci ko Faransanci suke, da rubutu ƙanana, alhali masu amfani da su Hausa da Fulatanci suke ji. A wajabta rubuta awo da Hausa, da boko da ajami, tare da hoton doki da kyanwa da aka soke a inda ya dace, a kuma haɗa kowace kwalba da ma'auninta. A hana ɗura magani a kwalbar lemo ana sayarwa ba suna ba kwanan wata. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin famfo, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Ragowar ruwan wanke famfo kuma a haƙa rami nesa da rijiya a zuba, kada a sake shi a kwata, domin kwatocin cikin gari da yawa Jakara suke faɗawa, kuma da ruwanta ake ban ruwan lambun da latas da alayyahonsa ke dawowa kasuwanninmu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Kano.